Motar shara ta Indore

Ta Delhi na shiga Indiya, kuma abin da ya fara ɗaure mini kai shi ne bambancin cikin gida da bakin ƙofa. Ba'indiye zai share ɗakinsa ya goge daɓe har yana ƙyalli, ba ka isa ka shiga da takalmi ba, amma sharar da ya tara yana iya juye ta a kwata dab da ƙofarsa. Matakalar bene kuwa kowace kusurwa ta yi ja wur da yawun masu taunar paan da gutka, haɗe-haɗen da Indiyawa ke taunawa kamar goro. A wasu unguwanni har hotunan allolinsu suke liƙawa a katanga don kada maza su tsaya su yi fitsari. Bolar Ghazipur da ke gabashin birnin ta haura mita 60, daga nesa sai ka rantse tsauni ne.

Da karatu ya kawo ni Indore, a jihar Madhya Pradesh, sai na tarar da wata Indiyar daban. Tun ranar da na karɓi makulli, matar mai gidan, wadda kowa ke kira Anti, ta miƙo mini bokiti biyu: kore na ragowar abinci da ɓawo, shuɗi na leda da kwali da robobi. Ta ce, "Ɗana, in ka gauraya su ba za su karɓa ba, kuma ni za a yi wa magana."

Kullum da safe motar ƙaramar hukuma ke shigowa layinmu tana kaɗa waƙa da lasifika. Da ka ji ta, ka fito da bokitinka. Bayan motar a rarrabe yake, kowace shara da gurbinta, har da na batir da ƙwan lantarki da ƙunzugun yara. Yaron motar yakan leƙa ciki kafin ka juye. An kwashe manyan kwandunan bakin titi, don haka ba inda za ka lallaɓa ka jefar da dare. Duba-gari kuma suna cin tarar mai zubar da shara a hanya. Jiƙaƙƙiyar sharar kuwa Devguradia, a bayan gari, ake kai ta, inda aka buɗe masana'anta a 2022 mai cin tan 550 a rana, tana fitar da iskar gas da wasu bas-bas na gari ke aiki da ita.

Firayim Minista Modi ya ƙaddamar da shirin Swachh Bharat, wato na tsaftace Indiya, ranar 2 ga Oktoba 2014, ranar tunawa da haihuwar Gandhi, kuma tallansa ya kai ko'ina a ƙasar. Amma Indore ce ta zo ta ɗaya a gasar tsaftar birane sau bakwai a jere, daga 2017 zuwa 2023. A ganina ba wa'azi ne ya gyara mutanenta ba. Motar ce ba ta saɓa alkawari. Mu a Kano sai Asabar ɗin ƙarshen wata ake tsare mutane a gida a ce a yi shara. Nan kullum ne, har abin ya zama jiki. Yanzu in baƙo ya yar da kofin shayi a Chappan Dukan, layin shagunan abinci na garin, mai shago ma yana iya ce masa ya ɗauka.

Kasuwar Sarafa ta fi ba ni mamaki. Da rana ta masu gwal da azurfa ce, da dare ta koma ta masu abinci har bayan sha biyu. Ka bi ta da sassafe, ko tsinke ba ka gani.

Waɗanda suke wannan aikin cikin dare, mata da maza da dogayen tsintsiyoyi, yawancinsu daga dangin da al'adar ƙasar ta daɗe da ɗora wa kwasar ƙazanta suke, gado ne tun kaka da kakanni. Hukuma tana kiransu abokan tsafta, ta ba su riga mai ƙyalli da safar hannu. Anti tana yaba musu sosai, tana kuma ba su shayi in sun zo layinmu, amma a kofin da ta ware musu, wanda ba ya shiga kicin ɗinta.