Awa biyun farko a ofis: yadda za ka hana su salwanta

A yawancin ofisoshin gwamnati a Najeriya ana shiga aiki ƙarfe 8 na safe, a tashi ƙarfe 4 na yamma. A takarda awa takwas ke nan. Amma duk wanda ya san zaman sakatariya ya san lokacin da kai ke da sarari bai wuce daga 8 zuwa 10 ba. Da hantsi ya yi baƙi za su fara sallama, masinja ya shigo da fayil-fayil, oga ya kira taro, kafin ka ankara an kira Azahar. Aikin da ke buƙatar tunani, kamar rubuta rahoto ko daidaita lissafi, wurinsa waɗannan awa biyun ne.

Shirin yana farawa tun jiya. Saura minti 15 a tashi, ka ɗauki littafi ka rubuta ayyuka uku da za ka yi gobe, kada su wuce uku. Kuma ka rubuta su yadda hannu zai iya kamawa. In ka rubuta "rahoto" kawai, gobe za ka zauna kana kallonsa ba ka san ta inda za ka fara ba. Rubuta "shafi biyun farko na rahoton wata". Idan aikin yana buƙatar fayil daga rajista, wato ofishin ajiyar fayil-fayil, a yau za ka nema, domin in ka bari sai da safe, rabin lokacinka zai tafi wajen jiran a lalubo shi.

Da safe ka gaisa da abokan aiki yadda ya kamata, minti goma sun isa, sannan ka zauna. Ka kashe data, ka sa wayar cikin aljihun tebur. WhatsApp a duba shi sau uku: ƙarfe 10, bayan Azahar, da wajen 3:30. Taura biyu ba ta taunuwa. Duk lokacin da ka ɗaga kai ka amsa saƙo, sai ka sake karanta abin da ka rubuta daga sama kafin ka kamo bakin zaren.

Wani ɗan Italiya, Francesco Cirillo, ya fito da wata dabara a ƙarshen shekarun 1980 da ake kira Pomodoro: aiki na minti 25 ba katsewa, hutun minti 5, bayan zagaye huɗu a yi hutu mai tsawo. Zagaye huɗun nan kusan awa biyu ne, sun dace da safiyarmu. Inda mutane ke ɓata ta shi ne ɗaukar waya a cikin hutun, sai minti 5 ya koma 20. Ka miƙe, ka sha ruwa, ka dawo. Ni a ganina mai aikin lissafi ya fi kyau ya ja zagayen zuwa minti 45, don minti 25 kan ƙare daidai lokacin da alƙaluma suka fara zama a kai.

Baƙi su ne wuri mafi wuya, don ba a korar mai sallama. Abin yi shi ne ka miƙe tsaye ka tarbe shi, ku gaisa a tsaye. Da zarar ka nuna kujera, rabin awa ya tafi. Ka ce, "Sannu da zuwa Alhaji, wani aiki ne a gabana ake jira, don Allah mu haɗu bayan Azahar in saurare ka a natse." Babu wanda zai ji haushin wannan, muddin ka cika alkawarin. In ka saɓa sau ɗaya, gobe ba zai yarda ya tafi ba.

Fayil kuwa, kada ka buɗe ka rufe ka ajiye ba tare da ka yanke komai a kansa ba. Wanda sa hannu kawai yake jira, ka sa ya wuce nan take. Wanda yake hannun wani, ka rubuta bayaninka ka tura. Ka ajiye littafin shige da fice: lambar fayil, kwanan wata, da teburin da ya tafi. Ranar da aka ce fayil ya ɓata, layin nan ɗaya zai hutar da kai yawon ofis-ofis.

Sai maganar wuta. Ka saba wa yatsunka danna Ctrl da S a kwamfuta bayan kowane sakin layi don adana abin da ka rubuta. Manhajar Word tana adana kwafin ko-ta-kwana duk minti 10 ne in ba a canza ba. Ka shiga saitinta ka rage zuwa 2. Ƙaramin UPS, wato batirin da ke riƙe kwamfuta in an ɗauke wuta, ba don ci gaba da aiki aka yi shi ba, 'yan mintoci yake ba ka ka adana ka kashe kwamfuta lafiya. Da an kawo wuta ko an tada janareta, fara da buga takardu da caji, ka bar karatun fayil da tsara wasiƙa da biro zuwa lokacin da aka ɗauke. Sunan kowace takarda a kwamfuta ya fara da kwanan wata, shekara sannan wata sannan rana, kamar 2025-03-14, don su jeru da kansu.

Bayan Azahar da cin abinci jiki kan yi nauyi, musamman lokacin zafi ko in an ci tuwo. Nan ne wurin kiran waya, amsa wasiƙu da ganin baƙin da ka yi wa alkawari. Juma'a kuma gajeriyar rana ce, ba kowa ke dawowa bayan masallaci ba. Duk abin da aka ce ka miƙa ƙarshen mako, ka ɗauki Alhamis ƙarfe 2 a matsayin wa'adinsa, don mai sa hannu yana nan a kujerarsa.