Ni na ƙera kejin da hannuna

Walda na koya a Suame Magazine, unguwar makanikai da masu aikin ƙarfe a Kumasi ta ƙasar Gana, kuma da ita na yi aure. Ƙofofi, tagogi, gadon ƙarfe, duk abin da aka kawo. Daga baya aikin keji ya fara shigowa. Masu kiwon karnukan waje, irin su Boerboel na Afirka ta Kudu da Rottweiler da German Shepherd, sukan zo da awo a takarda, ni kuwa in yanka rodi in haɗa in karɓi kuɗina. Ban taɓa tambayar abin da zai zauna a ciki ba.

Wata rana wani daga cikinsu ya kira ni gyaran ƙofa a wani gida da ke bayan garin Kumasi. Tun daga bakin get wari ya tare ni. Kejina ne jere, an ɗora wani kan wani, fitsarin na sama yana zuba kan na ƙasa. A can ƙarshe akwai wata karya da haƙarƙarinta ke ƙirguwa, nonuwanta sun zube, faratanta sun yi tsawo har sun lanƙwashe don ba ta taɓa taka ƙasa ba. Mai gidan ya ce, "Masta, in kana so ka ɗauka, ta daina haihuwa, abinci kawai take ci mini." Har yau ban san abin da ya sa na ce ina so ba. A bayan aboboyaa, babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, na kawo ta.

Lissafin sana'ar tasu ba shi da wuya. Cikin karya wajen kwana 63 ne, kuma takan nemi namiji kusan sau biyu a shekara. Mai keji ba ya barin ko ɗaya ya wuce. Ɗan kwikwiyo ya kamata ya yi mako 8 yana tare da uwarsa, amma su tun yana mako 4 ko 5 suke cire shi, domin ƙarami ya fi kyau a hoto kuma bai fara cin abinci da yawa ba. A wanke shi, a ɗora kan tawul mai tsabta, a sa a Facebook da WhatsApp. Mai saye ya tura kuɗi ta waya, a haɗu a gidan mai, a miƙo masa daga but ɗin mota. Cinikin biri a sama ke nan. Bayan kwana kaɗan kwikwiyon ya fara amai da gudawa mai jini. Wannan ita ce fabo, kuma ƙwayar cutar takan yi watanni a ƙasa da jikin keji tana jiran na gaba. Katin riga-kafin da aka haɗo da shi, sau da yawa biro ne kawai ya yi aiki. Ga haɗa uba da 'yarsa don kada a biya kuɗin namijin waje, sai ka ga kare bai shekara ba ƙugunsa ya lalace.

A Aboabo, unguwar Musulmi a Kumasi, na tashi, don haka ba sai an gaya muku yadda gida ya karɓi labarin ba. Mahaifiyata cewa ta yi, "Duk sana'ar duniya ka rasa sai kare?" Na je wurin malaminmu na zayyana masa komai. Ya ce a Malikiyya kare mai rai ba najasa ba ne, an kuma yarda a ajiye shi don farauta da tsaron dabbobi da gona. Ya tuna mini mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa. Amma ya ja kunnena kan kuɗin sayar da kare, ya ce akwai hani a kansa. A kan wannan na tsara aikina na ceto irin waɗannan karnuka. Na kama fili a hanyar Ejisu, nesa da unguwa, kayan aiki daban, kayan salla daban. Ba na sayar da kare. Abincina yana fitowa daga horar da karnukan gadi, da ajiye na waɗanda suka yi tafiya, da walda, sai dai yanzu ɗakin da nake ƙerawa kare zai miƙe a ciki ya juya ya kwanta, kuma da ƙofa zuwa fili. Wanda ya kawo mini awon da, na ce ya nemi wani.

Karen da aka ceto, mako biyun farko shi kaɗai yake zama. Likitan dabbobi ya duba shi, a cire kaska, a ba shi maganin tsutsar ciki, a yi masa allurar haukan kare. Abinci kaɗan-kaɗan, don cikin da ya daɗe da yunwa ba ya ɗaukar cika. Ina dafa shinkafa ko garin masara da kayan ciki da nake samowa a kwata ta Kaase. Wannan duk mai sauƙi ne. Mai wuyar shi ne tsoro. Karen da ya girma a keji bai san ciyawa ba, bai san igiya ba, hannun mutum kuwa duka ya sani. Sai in ɗauki kujera in zauna a gefe, ba na kallon idonsa, ba na miƙa hannu, ina sauraren rediyo. Yau haka, gobe haka. Yarana biyu da ke taya ni aiki sun sha cewa Masta ya samu aikin zama. Karyar nan ta farko sai da ta yi sama da wata guda kafin ta ci abinci ina wurin, shi ya sa suka raɗa mata Sannu.

Ba kowanne ke dawowa ba. Akwai wani namiji da na yi gaggawa da shi ya kama ni a dantse. Na wanke da sabulu da ruwa na minti 15, na tafi asibiti aka yi mini allurai. Da cizon kare ba a wasa, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta haukan kare na kashe mutum kusan 59,000 a shekara, akasari a Afirka da Asiya. Karen bai da cutar, amma bai daina kai hari ba, ƙarshe likita ya yi masa allurar hutu, wato aka kashe shi ba tare da azaba ba. Laifina ne ko na kejin, na daɗe ina juya abin.

Dokar manyan laifuka ta Gana ta 1960 ta hana zaluntar dabba. A Ingila tun 2020 an hana dillali sayar da kwikwiyon da bai kai wata 6 ba, sai dai ka je wurin mai kiwon da kansa ko gidan ceto. Mu a nan ban ga ɗan sandan da zai bar aikinsa ya leƙa bayan katangar wani saboda karya ba. Mai saye ne zai iya. Shi ya sa duk inda na samu zama, majalisar samari, wurin suna, ko taron riga-kafi na ranar yaƙi da haukan kare ta duniya, 28 ga Satumba, maganata ɗaya ce: ka ce a nuna maka uwar, a inda take kwana. Wanda ya fara kawo maka uzuri, riƙe kuɗinka.

Kwanan baya wani Alhaji mai shagon kayan gini ya zo neman kare don ma'ajiyarsa. Na ce kyauta ne, amma sai na ga wurin, kuma an riga an yi wa karyar aikin hana haihuwa. Ya ce, "To Masta, ina ribar?" Na ce gadi ya ce yana so. Ya yi dariya, ya ce zai yi shawara. Sannu tana kwance ƙarƙashin motarsa tana shan inuwa, sai da na kira ta sau biyu kafin ya samu ya tayar.