Ni da tsoffin firintocina a ƙurar Sakkwato

Jiya bayan isha'i uwargida ta leƙo ɗakin da nike tara kayana ta ce, "Maigida, wai yaushe za a kira 'yan gwangwan su kwashe wanga tarkace?" Dariya kawai na yi, don ita ba ta san rabinsu ma daga hannun 'yan gwangwan ɗin na ƙwato su ba. Firinta bakwai gare ni yanzu, huɗu na aiki, uku na jiran ranarsu.

Wadda ta fi kwanta min a rai Epson LX-300 ce, mai allura tara. Duk wanda ya taɓa tsayawa layin banki ko biyan kuɗin makaranta shekarun baya ya san kukanta, ziiit ziiit ɗin nan kamar tela na fama da keke. Ba feshin tawada take ba, allurai ne ke dukan ribon mai tawada, ribon ya bar ɗigo-ɗigo kan takarda har harafi ya fito, shi ya sa in ka sa mata takarda mai kabon sai ta ba ka kwafi biyu ko uku a bugu ɗaya, abin da firintar zamani ta leza duk gayunta ba ta iyawa. Sunan Epson ɗin kanshi daga wata 'yar ƙaramar firinta ya samo asali, EP-101 ta 1968, wai ɗiyan EP ke nan, don "son" ɗa ne da Turanci. Wadda nike mafarkin samu ita ce MX-80 ta 1980, har yau ko a hoto na gan ta sai na tsaya kallo.

To amma riƙon irin waɗanga kaya a garin nan sai mai haƙuri wallahi. Hunturu na shigowa ƙura za ta bi ta ko'ina, ko ka rufe taga ka toshe ƙasan ƙofa da tsumma sai ta shiga, ni tsoffin zannuwan uwargida nike lulluɓe su da shi (wannan ma wata rigima ce daban). Sandar ƙarfen da kan firintar, wato inda alluran suke, ke zamewa a kai ita ce rayuwarta, duk bayan sati biyu sai na goge ta tas da ƙyalle sannan in ɗiga man keken ɗinki, ɗigo ɗaya tak, don da farko ambaliya nike mata da mai ina ganin gata ne, ashe mai da ƙura in sunka haɗu taɓo suke zama, kan ya riƙa cijewa a tsakiyar layi. Allurai kuma auduga da sifirit, a hankali, in guda ta karye za ka ga farin layi ya ratsa kowane harafi.

Zafin Afrilu da Mayu shi ke cinye roba. Rolar da ke jan takarda ta bushe ta tsattsage, ribon ya ƙafe rubutu ya yi fari fat, dole sabbin ribon a leda nike ƙulle su. Akwai wadda na buɗe bara na iske zanzaro ya gina gidanshi daram kusa da moto, hawa biyu.

Wadda har yanzu ke min ciwo wata leza ce da ta fito daga Amurka, na saye ta da arha, zumuɗi ya hana ni duba bayanta, ashe ta wutar 110 ce mu kuwa tamu ta kai 230. Ina jona ta na ji ɗas, sai hayaƙi da ƙauri. Ba laifin kowa ba ne, an rubuta ɓaro-ɓaro ni ne ban karanta ba.

Sai maganar kebul, kwamfutocin yanzu ba su da wancan faffaɗan bakin da ake jona firinta a da, bakin LX-300 ɗin kuwa mai haƙora 36 ne, sai da na samo wayar da ke haɗa shi da USB. Ranar da firintar ta fara bugawa, ɗiyar ƙanena na nan, ta toshe kunne da gudu ta bar ɗakin, can sai ga ta ta dawo tana cewa "Baba, sake, ka rubuta sunana." Takarda biyar munka ɓata, duk ta tafi da su gida.