Akrofora ta kunyata ni a Jamus

Wata tara kenan da zuwana Jamus, amma abin da yake min ciwo har yanzu idan na tuna ba sanyi ba ne, ba kuma yaren nan nasu mai karya harshe ba, wani ɗan reshen murjani ne da ko tsawon yatsana bai kai ba.

Ɗakin da na kama haya, wanda ya tashi ya bar tankin gilas na kiwon kifi lita 100 da fitilarsa da famfon kaɗa ruwa da hita, mai gidan ya ce ko in riƙe ko a zo a kwashe. Disamba ce lokacin, ƙarfe huɗu da rabi gari ya yi duhu, ka dawo daga aiki ka buɗe ƙofa ba mai ce maka sannu da zuwa sai firij yana ta gurnani shi kaɗai. Na ce a bar min shi. Daga nan na faɗa kallon bidiyon masu kiwon murjani har ƙarfe biyun dare, kafin in ankara na sayo gishirin teku da tataccen ruwa, don na famfo ba ya yi, na dama wajen giram 35 a kowace lita, na auna da rifiraktomita, wato abin awon gishirin ruwa, ya nuna 1.025 daidai yadda ake so, na saita hita a digiri 25, na jera duwatsu. Sai jira, sati shida cur ina kallon tanki ba komai a ciki sai dutse, ana jiran ƙwayoyin bakteriya su yi yawa su riƙa cinye amoniya, wani datti mai guba da yake taruwa a ruwan. Wannan kam na yi haƙurinsa, ban yi gaggawa ba.

Ranar da na je sayen murjani ne aka samu matsala. Ina shiga shagon idona ya sauka kan Akrofora, wata irin murjani mai ƙashi, shuɗiya mai rassa, fitila na dukanta tana wani ƙyalli, na ce wa yaron da ke wurin ita nake so. Ya tambaye ni tankin nawa ya kai wata nawa, na ce sati shida, sai ya girgiza kai ya ja ni can lungu ya nuna min wasu masu laushi launin ƙasa-ƙasa, yana ta magana da sauri ni kuwa rabin abin da yake faɗa ba na kamawa. Wallahi a take zuciya ta ɗebe ni. Na ce a raina wato ya ganni baƙo ina in'ina da Jamusanci shi ne zai haɗa ni da tarkacen da ba mai so, alhali wata mata da ta zo gabana bai mata wannan dogon bayanin ba. Na tsaya kai da fata sai shuɗiyar nan. Ya ɗaga kafaɗa ya ƙulla min a leda.

A daren na ɗauki hoto na tura guruf ɗinmu na gida, har da rubuta "an fara". Yaya ya ce wannan kuma wane irin fulawa ne, na zauna na rubuta masa dogon bayani cewa ba tsiro ba ne dabba ce, a cikin naman jikinta akwai wasu ƙananan gansakuka da suke sarrafa haske su ba ta abinci, ina ta iyayi sai kace ni na ƙirƙiro tekun.

Kwana tara ta yi. Naman ya fara saɓulewa daga gindi yana hawa sama, na kwanta da dare rabi fari, na tashi da asuba ƙashi ne zalla fari fat. Sai daga baya na gane ɓarnar da na yi da hannuna: duk lokacin da ruwan ya ragu sai in cika da ruwan gishiri, ashe ruwa ne kawai yake tashi, gishirin yana nan zaune, da tataccen ruwa mara gishiri ake cikawa. Da na auna ya haura 1.030. Ita kuma Akrofora ba ta yafe irin wannan, tana son haske mai ƙarfi, ruwa mai kaɗawa sosai, kalsiyam wajen 420, alkaliniti, wato ƙarfin ruwa na hana kansa yin tsami, wajen 8 kuma ya tsaya cak ba yau sama gobe ƙasa ba, ni ko abin awon alkalinitin ban mallaka ba a lokacin. Sati uku ina bi ta wani layi daban don kada in wuce ta ƙofar wurin.

Da na koma, na shirya ma dariya, yaron bai ko murmusa ba. Ya ciro wayarsa ya buɗe manhajar fassara muka riƙa miƙa wa juna, a nan na gane abin da ya faɗa min tun farko kenan, cewa sabon tanki bai daidaita ba, in fara da masu laushi marasa ƙashi. Kunya kamar ƙasa ta tsage.

Na farko da na ɗauka Diskosoma ce, wadda take kamar laimar kwaɗi a kife kan dutse, ba ta son haske da yawa ba ta son ruwa yana bugunta, ka ajiye ta ƙasa-ƙasa ka manta da ita, tawa guda biyu na sayo yanzu bakwai ne. Sai koren tauraro, shi wata shimfiɗa ce shunayya da koren gashi yake fitowa a kai yana kaɗawa, yaron ya ja min kunne in ɗora shi a dutsensa shi kaɗai a kan yashi, don idan ya samu hanya sai ya mamaye komai har gilas yake hawa. Wata mai suna Ziniya da na ɗauka ma haka take da yaɗo. Wasu da ake kira Zowa kuma yaron ya ce in jira tukuna, suna da sauƙi ga launi kala-kala, amma wasu cikin danginsu suna ɗauke da guba mai suna falitoksin, sai da safar hannu da tabarau ake taɓa su, kuma kada a kuskura a tafasa dutsen da suke kai, tururin kaɗai yana kai mutum asibiti.

Wadda ta so ta sake tsinka min zuciya Sarkofiton ce, mai kamar fata. Sati biyu da zuwanta ta janye gashinta duk ta yamutse tana sheƙi kamar an shafa mata kakin zuma, kwana biyar a haka, na ce shi kenan na sake kashe wata. Har na sa hannu zan cire na fasa. Ashe saɓa take yi, wani siririn yaɗi ya yaye daga jikinta ruwa ya tafi da shi, washegari ta buɗe ta fi da girma. Na yi tsalle a ɗaki ni kaɗai, na juya in nuna wa wani, ba kowa.

Umma har yau ba ta yarda da zancen ba. Ita murjani ja ta sani na wuya, da na ce ina kiwon murjani ta ɗauka sana'a na kama ta sa min albarka, da na haska mata tankin a bidiyo ta yi shiru ta ce "kai ɗan nan, ka bar matarka da 'yarka ka je kana renon duwatsu?" Na yi dariya amma maganar ta zauna min. Ba ni na bar su da son raina ba, takardun ne har yau muna jiran a kira su ofishin jakadanci, kullum maiɗakina sai ta duba imel kafin ta kwanta. Yaya kuwa ya samu abin tsokana, duk na kira sai ya ce ina shuɗiyar nan ta "an fara", ban taɓa gaya masa ta mutu ba, cewa nake tana bayan dutse.

'Yata shekararta uku, lokacin da na taho ba ta iya haɗa magana ba, yanzu ita ke ƙwace wayar. Ba ni take nema ba, Ziniya take so a nuna mata, saboda 'yan hannayenta da suke buɗewa suna rufewa ba tsayawa, ta ce wai bai-bai suke mata. Ranar Lahadi ina canjin ruwa, lita 10 nake cirewa duk sati, na jingina wayar da bokiti tana kallo, tiyo a hannuna, sai ta ce "Abba idan na zo a ina zan kwana, kifi sun cinye ɗakin." Ko kifi ɗaya ban sa ba tukuna. Na ce mata zan matsar da tankin, daga baya na auna ɗakin da tef, gado ƙarami zai shiga idan na fitar da teburin.