Ƙullutu a gidan ƙwai da gaggawar tiyata

Talata, bayan Isha.

Yau ɗakin duba mata ya cika da takardun sikanin, kuma buƙatar masu su kusan iri ɗaya ce: "Likita, a cire min shi kawai in samu haihuwa." Ƙullutu ne a gidan ƙwai. Amma sau da yawa wuƙar ta fi ƙullutun cutar da haihuwar.

Kowane wata gidan ƙwai kan tayar da 'yar jaka mai ruwa da ƙwai a cikinta. In ta kai milimita 18 zuwa 25 sai ta fashe ta saki ƙwan. Wani watan ta ƙi fashewa ta yi ta tara ruwa, ko ta saki ƙwan sannan ta cika da jini. Irin wannan ya fi yawa. In ruwa ne zalla, bangonsa siriri, bai kai santimita 5 ba, kuma matar ba ta daina al'ada ba, ba a taɓa shi. Cikin wata biyu zuwa uku yakan baje da kansa. In ana son tabbaci, a sake sikanin bayan mako 6 zuwa 8, da zarar al'ada ta ɗauke. Daga santimita 5 zuwa 7 ana duba shi shekara-shekara, in ya haura 7 sai hoton MRI ko tiyata. Ƙwayoyin tazarar haihuwa ba sa narkar da wanda ya riga ya fito, sabo kawai suke hanawa. Zuƙe ruwan da allura kuma wahalar banza ce, yakan dawo.

Wanda aka cire yau da rana irinsa daban ne, ana kiransa damoyid. Da aka tsaga shi sai ga kitse rawaya, curin gashi, har da haƙori. Wannan ba ya bajewa. Aka ɓare shi a hankali ta ƙananan huda da kyamara, aka bar gidan ƙwan.

Mai wuyar sha'ani shi ne na endometiriyosis, ciwon da nama irin na shimfiɗar cikin mahaifa ke tsirowa a wajenta; ƙullutunsa cike yake da tsohon jini baƙi mai kauri. Yana manne da naman da ƙwayayen ke ciki, don haka ko hannun likita ya kai ƙwarewa, ɓare shi kan tafi da wani ɓangare na ajiyar ƙwai, ƙona wurin don tsayar da jini kuma ya ƙara ɓarna. Shi ya sa ake auna AMH, gwajin jinin da ke nuna ajiyar ƙwai, kafin a shiga tiyata, musamman in ɓangare biyu ne ko an taɓa yi. Tiyata ta biyu a gidan ƙwai ɗaya, ni dai sai da hujja mai ƙarfi.

PCOS kuwa, ciwon rikicewar sinadaran haihuwa na mace, ba ƙullutun cirewa ba ne sam. Ƙananan jakunkuna ne, milimita 2 zuwa 9, da suka tsaya ba su nuna ba. Matsalar rashin sakin ƙwai ce, maganinta rage ƙiba in akwai, da letrozole, ƙwayar da ke sa a saki ƙwai, na kwana 5 a farkon al'ada, a ƙarƙashin kulawar likita.

Gwajin jini na CA-125, da ake neman alamar sankarar gidan ƙwai da shi, shi ma na tsorata mutane ba dalili: al'ada, juna biyu da endometiriyosis duk kan ɗaga shi. Ya fi ma'ana bayan mace ta daina al'ada gaba ɗaya, inda ake tsananta bincike saboda sankara.

Inda jira ba shi da wuri shi ne murɗewa. Ƙullutun da ya haura santimita 5 na iya juya gidan ƙwan a kan jijiyoyinsa, jini ya yanke. Ciwon mara mai tsanani kwatsam a gefe ɗaya, da amai: asibiti nan take. In an yi sauri a warware shi ya farfaɗo, ko da ya yi baƙi a ido. In ma an rasa shi, ɗayan gidan ƙwan da lafiyayyen bututun mahaifa sun isa a ɗauki ciki.