Yajin aikin nas-nas da waɗanda suka riga suka tafi

Ranar 30 ga watan Yuli 2025 ƙungiyar ma'aikatan jinya da ungozoma ta Najeriya, NANNM, ta tsunduma yajin aikin gargaɗi na kwana 7 a asibitocin gwamnatin tarayya, bayan wa'adin kwana 15 da ta ba gwamnati ya ƙare ba a daidaita ba. Abin da suke nema ba wani abin a zo a gani ba ne fa, a gyara musu alawus na aikin dare da na yunifom, a ware musu tsarin albashi nasu, a ɗauki ƙarin ma'aikata. Ranar 2 ga Agusta suka janye, bayan zama da ministan lafiya Farfesa Muhammad Ali Pate.

Na ji mutane na ta cewa wai ba su da tausayi. To ni dai duk wanda ya taɓa zaman jinya ya san likita zagaye yake yi da safe ya rubuta ya wuce, nas ce ke kwana da kai, ita ce allura, ita ce ƙarin ruwa, ita ce wankin ciwo, ita za ka ruga ka kira ƙarfe uku na dare in numfashin tsohuwarka ya canja. Ranar da babu ita sai a fara sallamar marasa lafiya, a ɗage tiyata, mai hali ya kwashi nasa ya yi asibitin kuɗi, talaka kuwa sai kemis ko jiƙe-jiƙe a gida, mai naƙuda kuma Allah dai ya kyauta.

Eh wasunsu akwai tsawa da wulaƙanci, ban musa ba. Amma mutum ɗaya a bar masa ɗaki guda cike da gadaje tun magariba har safiya, wani lokacin da fitilar waya, wane irin fara'a kake jira?

Abin da ya fi damuna ma ba wannan yajin ba ne. A 2024 hukumar da ke yi wa ma'aikatan jinya rajista ta ce kusan 42,000 sun bar ƙasar cikin shekara 3, wasu Ingila wasu Saudiyya wasu Amurka. Maimakon a duba me ya kore su, sai aka fito da ƙa'idar sai ka yi shekara 2 kana aiki kafin a tantance maka takardun fita waje. Waɗancan da suka tafi kuma babu zaman sulhun da zai dawo da su bakin aiki ranar Litinin.