Kafin ki saki littafinki a waya

Da can sai marubuciya ta tara kuɗin takarda da na maɗaba'a, sannan ta jira 'yan kasuwar littafi na Kano su sayar kafin ta ga riba. Yanzu da waya ɗaya za ta kai labarinta Zinder, Kumasi da Jidda a dare guda. Tsarin da ya fi karɓuwa shi ne a saki shafukan farko kyauta a WhatsApp ko manhajar karanta labarai ta Wattpad, wadda ta biya a shigar da ita rukunin masu biya.

A nan ɓarnar take. Mutum ɗaya ya saya, ya tura wa rukunai goma, wani kuma ya karanta shi a YouTube yana cin kuɗin talla ba da izini ba. Don haka kada ki tura fayil ɗin Word. Ki mayar da shi PDF, ki sa sunan mai saye a ƙasan kowane shafi, ta yadda idan ya fita za a san ta inda ya ɓulle. Kafin nan ki buɗe shi a wayoyi biyu ko uku, domin wasu nau'ukan rubutu ba su ɗauke da ɓ, ɗ da ƙ, sai su fito kamar akwatuna.

Ki ajiye asalin rubutunki da lambobin masu sayenki a hannunki. Manhajar sayar da littattafai ta OkadaBooks ta rufe a 2023, kuma duk wanda ya dogara da ita kaɗai sai da ya sake neman kasuwa. Idan za ki buga na takarda, lambar shaidar littafi, wato ISBN, a Ɗakin Karatu na Ƙasa na Najeriya ake karɓarta.